Shafen Gilashi da Tukunyar Ƙasa: Auna Wata Shawara da Ma'aunin Zafi

Akwai wata jimla da ta kusa zama farilla a babin ƙarshe na kundayen da ɗalibai ke rubutawa kan sana'ar ginin tukwane. Bayan an lissafa kayan aiki, an kawo sunayen tulu da randa da kasko da tukunyar miya, an kuma koka da yadda roba da alminiyam suka cinye kasuwar magina, sai a rufe da shawarar cewa hukuma ta taimaka a zamanantar da sana'ar, a koya wa magina shafa wa tukwanensu gilashi domin su yi sheƙi kamar tangaram. Masu duba kundi kan wuce jimlar ba tare da sun ja mata layi ba, saboda ta yi kama da fatan alheri. Alhali kuwa hukunci biyu ne ke ƙunshe a cikinta, kuma babu wanda aka kafa wa hujja. Na farko, cewa rashin sheƙin gilashi naƙasu ne a tukunyar gargajiya. Na biyu, cewa gilashin abu ne da ake ɗorawa a kan kowane yumɓu kamar yadda ake shafa wa bango fenti. Dukansu biyun suna rushewa da zarar an auna su da abin da aka sani game da yadda zafi ke buɗa abubuwa, sanyi kuma ya tsuke su.

Tun da Hausa ba ta riga ta tsayar da suna guda ga abin ba, ya kamata a fayyace shi tun da wuri. Abin da ke sheƙi a fuskar farantin tangaram, ko tayil ɗin daɓe, ko kwamin wanke hannu, gilashi ne na haƙiƙa. Ana niƙa wasu duwatsu tare da farar ƙasa, wani lokaci da toka, a dama su da ruwa kamar kunu, a tsoma abin da aka gina a ciki ko a kwarara masa, sannan a gasa har garin ya narke ya malale ya manne da yumɓun. Kaurinsa sau da yawa bai wuce rabin milimita ba. A wannan maƙala za a kira shi shafen gilashi, ko shafe a taƙaice, a kira gasasshen yumɓun da ke ƙarƙashinsa jiki.

Abin da ke faruwa bayan an kashe wuta

Duk wanda ya zauna ƙarƙashin rufin kwano ya san ƙarar da yake yi idan rana ta take, da wadda yake sake yi idan ta faɗi. Ƙarfen ne ke miƙewa yana dawowa. Kusan kowane daskararren abu haka yake, sai dai kowanne da gwargwadonsa, kuma gwargwadon ana lissafa shi ne da kashi cikin miliyan na tsawon abin a kan kowane digiri ɗaya na Salsiyas. Ƙarfe yana wajen 12. Gilashin kwalba da na taga yana wajen 9. Gilashin ɗakin gwaje-gwaje mai sinadarin boron yana kan 3.3, shi ya sa ake ɗora shi a wuta bai fashe ba. Silika zalla da aka narkar ta zama gilashi ba ta wuce rabin ɗaya da yawa ba. Jikin yawancin tangaram kuwa yana tsakanin 5 da 8. Wannan adadi shi ne ma'aunin buɗewa, kuma da shi ne ake tsukewa idan zafi ya sauka.

A ƙololuwar zafin tanderu shafe ruwa ne mai kauri, ba ya jayayya da jiki, duk inda jiki ya nufa zai bi. Rigimar tana farawa ne a hanyar hucewa. A wani mataki, galibi tsakanin digiri 500 da 700, shafen yakan daskare ya zama gilashi mai tauri. Daga nan har zuwa zafin ɗaki, abubuwa biyu ne manne da juna ta yadda ba za su rabu ba, kowanne yana son ya tsuke daidai da ma'auninsa. Jiki ya fi kauri nesa ba kusa ba, saboda haka shi ne ke yin hukunci, shafe kuwa sai haƙuri.

Ƙaramin lissafi ya isa ya nuna ƙanƙantar abin da ake magana a kai. A ɗauka ma'aunin shafe ya ɗara na jiki da kashi ɗaya tak cikin miliyan, kuma sun huce tare na digiri 500. Bambancin tsawon da zai shiga tsakaninsu rabin milimita ne a kowace mita. A faranti mai faɗin santimita 30 wannan bai kai kashi ɗaya cikin shida na milimita ba, wato kaurin gashin kai biyu ko makamancin haka. Amma gilashi ba ya naɗuwa kamar fata. Hana shi wannan 'yar tsukewa daidai yake da jan sa da ƙarfin da ya kai kimanin kilo 350 a kan kowane murabba'in santimita, kuma wannan ya shiga iyakar abin da gilashi na yau da kullum ke iya jurewa kafin ya dare.

Idan ya dare, yakan yi wasu siraran tsage-tsage masu kama da raga. Babu hoton da ya fi dacewa da su a Hausa kamar faso, domin dalilin iri ɗaya ne: fatar dunduniya ce ke bushewa ta tsuke da hunturu, naman da ke ƙarƙashi bai tsuke da ita ba, sai ta tsage. Tangaram mai faso yakan fara ƙara tsit-tsit tun yana fitowa daga tanderu, wani kuma ya ci gaba da yi kwana da kwanaki. Illa ta biyu kishiyar wannan ce. Idan jiki ne ya fi tsukewa da yawa, shafen yakan rasa wurin zama, a matse shi har ya ɓantale a leɓen kofi da gefen mariƙi, ya zube 'yan ɓarɓashi masu kaifin reza. Wannan ana iya kiransa saɓa. Faso yana rage ƙarfin abu, ya buɗe wa ruwa da maiƙo hanya. Saɓa kuwa tana iya jefa gilashi cikin abinci.

Gilashi yana jure matsi fiye da yadda yake jure ja, ninki goma ko fiye. Saboda haka masu masana'anta ba sa neman ma'aunan biyu su zo daidai wa daida. Abin da suke nema shi ne na shafe ya gaza na jiki kaɗan, domin a ƙare hucewa jiki yana rungume da shafen, yana matse shi a hankali. Irin wannan matsi ƙarfi yake ƙarawa, shi ya sa ake kula da shi sosai wajen yin kaskon tangaram da ke riƙe wayoyin lantarki a kan turaku. Matan ƙasar Hausa sun daɗe da sanin wani ɗan'uwan wannan al'amari a langa da samira, waɗanda gilashi ne aka narkar a kan ƙarfe. Da yake ƙarfen ya fi tsukewa, gilashin a matse yake zaune, kuma ranar da kwanon ya faɗi sai a ga wani yanki ya yi tsalle ya bar baƙin tabo inda tsatsa za ta kama.

Sanin yadda ake daidaita wannan zama ya samu tsari ne a Jamus a ƙarshen ƙarni na 19. Hermann Seger, wanda ya rasu a 1893, shi ya shimfiɗa hanyar rubuta shafe a matsayin lissafin sinadarai, ya kuma bar ƙa'idojin gyara faso da saɓa. A 1894 Winkelmann da Schott, a garin Jena, suka nuna cewa ana iya ƙiyasta buɗewar gilashi ta hanyar tara gudummawar kowane sinadari da ke cikinsa. Daga nan aka san cewa sodiyam da fotasiyam, wato dangin kanwa da tokar miya, su ne suka fi kowa ɗaga ma'aunin, yayin da silika da boron da magnesiyam ke saukar da shi. Akwai kuma wani abu mai kama da almara a lamarin silika. Idan ta narke a cikin shafe, tana rage buɗewarsa. Idan kuma ta zauna a jiki a matsayin ƙwayoyin kuwaz, wato ƙanƙarar dutsen nan da ke cikin yashi, ƙara buɗewar jiki take yi. Don haka mai fama da faso zai iya ƙara silika a shafe ko a jiki, duka biyun magani ne, ta fuskoki mabambanta. Kuwaz yana sauya siffa farat ɗaya a digiri 573, ya kumbura a hanyar hawa, ya tsuke a hanyar sauka. Wata siffar silika mai suna kiristobalait, wadda ke tsirowa a jikin da ya daɗe cikin zafi mai tsanani, tana yin irin wannan tsalle, mai girma fiye da na kuwaz, a wajen digiri 220. Kaɗan daga cikinta yana matse shafe ya hana faso. Idan ta yi yawa sai ta fasa kwanon a cikin tanderun gashin burodi, tun da zafinsa yana kaiwa nan.

Mai ja da wannan bayani zai iya kawo misalin ƙasar Sin, inda a zamanin daular Song ta Kudu, tsakanin 1127 da 1279, aka yi tangaram na Guan wanda ake nema saboda tsagarsa, har a kan na Ge ake rina tsagar domin ta fito fili. Gaskiya ne. Sai dai masu wannan aiki da gangan suke saɓa ma'aunan biyu, a kan jikin da ya gasu ya toshe, domin kayan fada da na kallo. Faso da aka nufa ado ne, kuma shaida ce ta ƙwarewa. Wanda ya zo ba a gayyace shi ba a cikin kwanon miya wani abu ne daban.

Tukunyar ƙasa a gaban wannan lissafi

Tukunyar gargajiya a matoya ake gasa ta, a fili, da itace da ciyawa da kara ko kashin shanu, cikin ɗan lokaci, a zafin da galibi yake tsakanin digiri 600 da 900. A wannan zafi yumɓu yana taurara amma bai narke ya toshe ba. Jikin cike yake da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani. Wanda ya ce a ɗora wa wannan jiki gilashi ya ɗauko matsaloli uku a lokaci guda, ko ya sani ko bai sani ba.

Ta farko ita ce ta narkarwa. Duwatsun da ke zama shafe da kansu, irin su feldisfa, suna buƙatar zafin da ya haura digiri 1,200. Domin a narkar da gilashi ƙasa da digiri 1,000 dole a nemi sinadari mai ƙarfin narkarwa, kuma ƙofofin ba su da yawa. Akwai dangin kanwa, masu arha, waɗanda su ne kan gaba wajen ɗaga ma'aunin buɗewa, wato faso tabbas ke nan. Akwai boron, wanda sai an sayo shi a sarrafe daga waje. Sai kuma dalma, wadda ke narkewa cikin sauƙi, ta yi sheƙi mai ɗaukar ido, ta kuma zauna lafiya da jiki fiye da kanwa. Ita ce masu tukwanen ƙauyukan Meksiko suka dogara da ita shekaru aru-aru, kuma hukumomin lafiya sun daɗe suna fama da gubar da take zubawa cikin abinci mai tsami. Al'ummar da ke dafa tsamiya da yakuwa da zoɓo, wadda kuma ta ga abin da gubar dalma daga niƙan dutsen zinariya ta yi a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Zamfara a 2010, inda yara fiye da 400 suka rasu, ba ta da uzurin ɗaukar wannan ƙofa da wasa. Shawarar da ta ce a shafa gilashi ba ta faɗi da me za a narkar da shi ba, ta bar magini ne da abin da ya fi kusa da hannunsa.

Ta biyu ita ce ta damshi. Jiki mai ƙofofi yana shan ruwa daga iska da wanki, kuma yana kumbura a hankali, kumburin da ba ya komawa. A wasu jikkunan yakan kai rabin milimita a mita ɗaya, wani lokaci ya wuce, wato daidai adadin da lissafin baya ya nuna ya isa ya dare gilashi. Shafen ba ya kumbura tare da shi. Saboda haka abin da ya fito daga wuta lafiya ƙalau zai iya yin faso bayan wata shida ko shekara biyu. H. G. Schurecht ne ya bayyana wannan a Amurka a 1928, ya kuma kawo gwajin tururi mai matsi domin a gaggauta abin da shekaru za su yi. Har yau ƙa'idar duniya ta gwajin tayil, ISO 10545-11, a kan wannan take: a ajiye tayil cikin tururi mai zafin digiri 159 na sa'a biyu, sannan a shafa masa rini a duba tsaga. Tukunyar matoya, da yawan ƙofofinta, ita ce irin jikin da wannan illa ta fi kamawa.

Ta uku, wadda ta fi sauran nauyi, ita ce ta murhu. Gindin tukunya yana cikin harshen wuta, bakinta yana cikin iska, cikinta kuma ruwa ne da bai wuce digiri 100 ba. Kowane sashe yana buɗewa gwargwadon zafinsa, kuma wannan saɓani shi ne ke fasa farantin tangaram idan an ɗora shi a kan garwashi. Tukunyar ƙasa tana tsira ne saboda abubuwan nan da ake ɗauka alamun ci baya. Ƙofofinta suna ba jikin damar ɗan motsawa, kuma tsagar da ta taso takan mutu idan ta iske rami ko ƙwayar tsakuwa a gabanta. Zagayayyen gindi ba shi da kusurwar da ƙarfi zai taru. Tsingaron da ake dakawa a cuɗa da sabon yumɓu shi ma yana da dalili: tun da gasasshen yumɓu ne, ma'aunin buɗewarsa kusan ɗaya ne da na jikin da ya shiga, saɓanin yashin kuwaz wanda ya fi yumɓu buɗewa. Owen Rye ya yi wannan bayani a 1976 a nazarinsa na tukwanen Papua, kuma masu binciken kayan tarihi suna amfani da shi tun daga lokacin. Idan aka ɗaga zafin gashi domin shafe ya narke, ƙofofin za su toshe, jikin ya zama kamar dutse, ƙarfinsa a hannu ya ƙaru, juriyarsa a wuta ta ragu. Garin neman gira ke nan a rasa ido.

Ba a ce tukunya mai shafe da ke hawa wuta ba ta samuwa ba. Masu tukwanen Banko a garin Yokkaichi na Japan suna yin ta, amma sai da suka cuɗa yumɓunsu da wani dutse mai litiyam da ake kira fetalait, wanda ke saukar da buɗewar jiki ƙwarai, kuma mafi yawansa daga Zimbabuwe suke sayo shi. Wannan shi ne farashin abin da maginiya ke samu da tsingaro da turmi.

Batun randa da tulu bai buƙatar dogon bayani. Ruwansu yana sanyi ne saboda yana tsattsafowa ta ƙofofin jiki, iska ta kwashe shi tare da zafi. Lita ɗaya da ta ƙafe tana tafiya da zafin da ya isa ya saukar da lita hamsin da 'yan kai da digiri goma. A kan wannan Mohammed Bah Abba ya gina dabararsa ta tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, wadda ya yaɗa a ƙauyukan Jigawa domin adana kayan lambu, ta kuma samo masa kyautar Rolex a 2000. Randa mai shafen gilashi bokiti ne mai nauyi. Inda kuwa ake son rage yoyo ba tare da toshewa gaba ɗaya ba, magina suna da nasu hanyoyin: goge jiki da santsin dutse kafin gashi, da yayyafa wa tukunya ruwan makuba tana da zafi.

Ba za a ce rashin sanin gilashi ne ya hana shafe a wannan yanki ba. An narka gilashi daga ɗanyen kaya a Igbo Olokun ta Ile-Ife tsakanin ƙarni na 11 da na 15, kuma Masaga na Bida sun shahara da aikin gilashi har zuwa yau. Sana'o'in biyu sun zauna kusa da juna ƙarnuka, kowacce da wutarta.

Darasin tsohuwar Abuja

Gwajin da kundayen ke ba da shawara an riga an yi shi, kuma a garin da ke magana da Hausa. Michael Cardew, Baturen Ingila da ya koyi sana'a a hannun Bernard Leach, ya zo Achimota a ƙasar Gana ta yau a 1942 domin ya shugabanci masana'antar tukwane a Alajo. Ya sha asara a tanderu, aka rufe wurin a 1945, ya koma Vume a bakin kogin Volta ya sake gwadawa. Waɗannan shekaru ne suka tura shi karatun duwatsu da sinadarai, karatun da daga baya ya zuba a littafinsa Pioneer Pottery na 1969, inda zaman shafe da jiki ya samu kulawa ta musamman. A 1950 gwamnatin Nijeriya ta ɗauke shi jami'in harkar tukwane, ya zagaya ƙasar, sannan ya zaɓi Abuja, wato Suleja ta yanzu, ya kafa cibiyar koyarwa wadda ya riƙe har 1965.

Abin lura shi ne Cardew bai ɗauko tukunyar matoya ya shafa mata gilashi ba. Ya gina tanderun itace mai kaiwa zafin da ya haura digiri 1,200, ya haɗa sabon jiki daga yumɓu da ma'adanan da ya nemo, ya haɗa shafe daga duwatsu da toka, ya kawo faifan juyi. Wato sana'a ce sabuwa fil, mai yin butar shayi da kofuna da farantai domin masu cin abinci a tebur. Game da tukwanen gargajiya kuwa, matsayinsa a fili yake cewa sun dace da aikinsu, ba su buƙatar gyaransa.

A gidan Sarkin Abuja Sulaimanu Barau ya ga tukwanen Ladi Kwali, 'yar Gbagyi daga garin Kwali, wadda ta shiga cibiyar a 1954 a matsayin mace ta farko. A can ta ci gaba da gina manyan tuluna da hannu kamar yadda ta gada, tana zana musu ƙadangare da kunama da kifi da kada da hawainiya, amma yanzu da sabon jikin cibiyar, a ƙarƙashin shafe, a babban zafi. An baje su a Landan a 1958 da 1959 da 1962. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ta rasu a 1984, kuma hotonta ne a bayan takardar naira ashirin. Babu mai ja da darajar waɗannan tuluna. Amma sun yi nauyin da ba a zuwa rafi da su, kuma ba sa sanyaya ruwa. Siffar tulu ta tsira, aikinsa bai tsira ba. Sun tashi daga gindin rumfa sun koma gidajen tarihi da ɗakunan masu tara kayan fasaha, yayin da matan Kwali suka ci gaba da shan ruwa daga irin tulun da ta bari a gida. Ɗalibin da ya kawo sunan Ladi Kwali hujja ga shawararsa ya kawo shaidar da ke ba da bayani a kansa ne.

Wannan ba kira ba ne a juya wa shafen gilashi baya. Asibiti yana buƙatar tayil da ba ya shan ruwa, banɗaki yana buƙatar kwami mai wankuwa, turakun lantarki suna buƙatar kaskonsu, kuma ƙasar da ke da farar ƙasa da feldisfa ba ta da dalilin dogara da jiragen ruwa kan waɗannan. Ɓuntun shinkafar da ke tare a bayan injinan casa na Kano da Kebbi, idan an ƙone shi, tokarsa kusan kashi 90 cikin ɗari silika ce, kuma masu tukwanen Japan sun daɗe suna yin farin shafe da irinta. Sashen fasahar masana'antu na jami'ar da ke Zariya da takwarorinsa suna koyar da wannan fanni. Duk wanda ke son magina su shiga cikinsa yana da hujja, muddin ya faɗa musu gaskiya cewa sabon tanderu ne, da sabon jiki, da itace ko gas mai yawa, da sabuwar kasuwa, kuma da gwaji a kan kowane haɗi. Gwajin ma ba sai da na'urar auna buɗewa ba. A ɗumama abin a tanderun girki zuwa digiri 150, a tsoma shi cikin ruwan sanyi, a shafa masa tawada a goge, faso zai nuna kansa idan yana nan.

Rabon masu nazarin Hausa a cikin wannan aiki ya fi abin da suke ɗauka yawa. Kundayen sun iya tambayar mene ne sunan wannan, amma ba kasafai suke tambayar don me ba. Don me ake cuɗa yumɓun tukunyar girki dabam da na randa? Don me ake shanya tukunya a rana, ko a ɗumama ta da hayaƙi, kafin a kai ta matoya? Me mai saye ke saurare idan ta ƙwanƙwasa tukunya da yatsa a kasuwa, kuma da waɗanne kalmomi take rarrabe amon lafiyayya da na mai ɓoyayyar tsaga? Amsoshin waɗannan tambayoyi ilimin zafi da buɗewa ne a bakin masu sana'a, kuma ɗalibin da bai san digiri 573 ba zai ji su ya rubuta su a ƙarƙashin camfi. Mai duba kundi da ya ci karo da jimlar nan ta zamanantarwa yana da haƙƙin ya tsayar da alƙalami ya tambaya wace tukunya ake nufi, kuma da wane zafi.

Faso da saɓa da aka yi amfani da su a nan aro ne na wucin gadi. Mutanen da suka yi aiki a cibiyar Suleja sun shafe shekaru suna buɗe tanderu suna ganin waɗannan illoli biyu da idonsu, suna tattauna su da junansu a bakin aiki. Duk sunan da suka ba su ya fi wanda aka ƙirƙira a ofis cancantar shiga ƙamus, kuma waɗanda suka koyi aikin a zamanin Cardew, duk wanda ya rage a cikinsu ya manyanta ƙwarai.